Me Ke Gaya wa Masara Cewa Lokacin Fitar da Kai Ya Yi?

Ƙanena, na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce a garkar mahaifinka da ke kusa da Mirya kun shuka masara iri biyu rana ɗaya, a fangali biyu maƙwabtan juna, ruwa ɗaya kuma taki ɗaya, amma ɗaya ta fitar da furen kai tun tana daidai ƙirjin mutum, ɗayar kuwa ta yi ta ƙara ganye har ta wuce tsawon kowa a garkar, sai bayan kusan mako uku ta biyo baya. Baba ya ce taki ne ya yi wa doguwar yawa har ta shagala da ganye, kai kuma kana zaton abin a jinin irin yake. Ka ƙara da cewa ganyen ƙasa na duka biyun yana da wani dishi-dishi kamar an barbaɗa toka, na sama kuwa yana sheƙi kuma yana da gashi, kana tsoron ko wata cuta ce. Abubuwan nan biyu da ka lura da su suna da alaƙa da juna, kuma zan fara da na ganyen, domin shi ne ke fara faruwa a rayuwar shukar.

Ba cuta ba ce. Masara tana da ƙuruciya kuma tana da balaga, kuma kowanne da irin ganyensa. Ganye huɗu ko biyar na farko, a yawancin irin da aka bincika, ganyen ƙuruciya ne: gajere, ba gashi, an lulluɓe shi da wani siririn kakin da ke ba shi launin toka-toka. Ka je garkar da sassafe da ruwa a kofi, ka ɗiga a kan ganye na uku na wata ƙaramar shuka, za ka ga ruwan ya dunƙule ya gangara ba tare da ya jiƙa wurin ba, kuma idan ka goga babban yatsanka a kai tokar za ta goge, wurin ya koma kore shar. Ka sake ɗiga ruwan a ganye na goma na babbar shuka, sai ka ga ya baje ya manne. Wannan ganyen balaga ne, fatarsa ta fi kauri, yana da gashin da ke kartar hannu, kuma yana da wasu manyan ƙwayoyin halitta a jere waɗanda idan ruwa ya yi ƙaranci suke motsewa su naɗe ganyen, abin da kowa ke gani da tsakar rana a watan Afrilu. A tsakanin biyun akwai ganye biyu ko uku masu raba ƙafa, bakinsu da toka, gindinsu da sheƙi da gashi. Dalili shi ne bakin ganye ke fara ƙosawa kafin gindinsa, saboda haka ganye ɗaya ya kama zamani biyu, kamar yadda bangon da aka fara ginawa da rani aka ƙarasa da damina yake nuna inda aka tsaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa renon kuka. Ƙaramar kuka ganyenta falle ɗaya ne, sai ta girma take fitar da mai yatsu biyar ko bakwai da muke miya da shi. Bambancin kawai shi ne masara tana gama wannan sauyi cikin ƴan makonni, shi ya sa masana suka mai da ita abin nazari.

Hanyar da aka bi aka gano abin da ke juya wannan al'amari ita ce duba shukokin da agogonsu ya lalace. A 1951 wani masanin gado ɗan Amurka, Ralph Singleton, ya bayyana wata masara da ya kira Corngrass, wadda ba ta fita daga ƙuruciya da wuri: tana ta fitar da ƴaƴa daga gindi, ganyenta sirara masu toka, saiwa na fitowa a gaɓoɓin sama, har mai kallo ya ɗauka ciyawa ce. Akwai wasu masu kama da ita da ake kira Teopod, waɗanda Scott Poethig na Jami'ar Fensilbaniya ya yi nazarinsu a 1988, ya nuna cewa ba gaɓoɓinsu ne suka lalace ba, lokacin ne ya goce, wato halin ƙuruciya ya zarce har cikin zamanin da ya kamata a ce an balaga. Sai a 2007 George Chuck da Sarah Hake da abokan aikinsu suka gano abin da ke damun Corngrass. Wani guntun DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, mai tsalle daga wuri zuwa wuri, irin waɗanda Barbara McClintock ta fara ganowa a masara har aka ba ta kyautar Nobel a 1983, ya faɗa kusa da wata ƙwayar gado, wato sashen DNA mai ɗauke da umarnin wani hali, ya sa ta aiki fiye da kima. Abin mamakin shi ne wannan ƙwayar gado ba furotin take samarwa ba, wani ɗan guntun RNA ne, ɗan'uwan DNA da ake rubuta saƙon gado da shi, mai haruffa kusan 21 kacal, sunansa miR156.

A nan nake so ka tsaya sosai, domin shi ne zuciyar maganar. Aikin miR156 shi ne toshe baki. Akwai wani dangi na ƙwayoyin gado da ake kira SPL, waɗanda furotin ɗinsu ke kunna halayen balaga, kuma duk saƙon da suka aika domin a ƙera furotin, miR156 yana gane shi ta hanyar dacewar haruffa, ya manne masa, a datse shi ko a hana karanta shi. Lokacin da ƙwayar masara ta tsiro, miR156 yana da yawa ƙwarai, saboda haka ƴan SPL suna nan amma ba a jin muryarsu. Kowane sabon ganye da aka ƙera, adadin miR156 yana raguwa, har ya kai inda ba ya iya tare su duka. Da zarar sun sami baki, ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne tayar da wani ɗan guntun RNA na biyu, miR172, wanda shi kuma yake toshe bakin wasu ƙwayoyin gado masu riƙe da ƙuruciya. Wannan jeri, na ɗaya yana sauka na biyu yana hawa, an fi tantance shi a 2009 a wata ƙaramar ciyawar ɗakin bincike mai suna Arabidopsis, amma a masara aka fara ganin ƙarshen igiyar. Tun a shekarun 1990 Stephen Moose da Paul Sisco suka gano ƙwayar gado glossy15, wadda ita ce ke sa ganye ya yi toka ya kuma hana shi gashi. Idan ta lalace, ganye na uku ma sai ya fito da sheƙi da gashi kamar na babba. A 2005 Nick Lauter da Moose da abokansu suka nuna cewa miR172 ne ke kashe glossy15, kuma da suka ƙara wa shuka kwafin glossy15, sai adadin ganyen ƙuruciya ya ƙaru. Tokar da ka gani a ganyen ƙasa, ke nan, shaida ce cewa lokacin da aka ƙera wannan ganye glossy15 tana da rai, gashin na sama kuma shaida ce cewa miR172 ya riga ya rinjaye ta.

Za ka tambaya me ke rage miR156 ɗin. Amsar da ta fi ƙarfi zuwa yanzu ita ce sukarin da ganye ke samarwa daga hasken rana. A 2013 rukuni biyu na masana, kowanne da nasa aikin, suka nuna a Arabidopsis cewa sukari yana danne miR156, kuma cire ganye ko rage ƙarfin shuka na sarrafa haske yana tsawaita ƙuruciya. A masara kuwa Erin Irish ta Jami'ar Ayowa ta yi wani gwaji da nake jin daɗin ba da labarinsa: ta yanko idon girma, wato ɗan tudun da sabbin ganye ke fitowa daga gare shi, na babbar shuka, ta cire kusan duk ganyen da ke kewaye da shi, ta rene shi a kwalba, sai ya koma fitar da ganyen ƙuruciya kamar sabon tsiro. Wato idon girma ba shi kaɗai ke riƙe da lissafin shekarunsa ba, ganyen da ya riga ya haifa su ke gaya masa ya girma. Sinadarin jibarelin, mai sa kara ya yi tsawo, shi ma yana da hannu, domin gajerun masara da ba sa iya samar da shi suna daɗewa a ƙuruciya, kamar yadda Matthew Evans da Poethig suka nuna a 1995. An kuma tarar da wannan tsari na miR156 a bishiyoyi, har da Acacia colei, bishiyar Ostareliya da aka daddasa a yankin Maraɗi, wadda ganyen ƙuruciyarta tsaga-tsaga ne kamar na bagaruwa, na girmanta kuma falle ɗaya mai faɗi.

Wannan sauyi na farko yana da amfani ga manomi ta fuska ɗaya da na tabbata da ita. Ganyen balaga ya fi tauri ga baki da cuta, kuma an nuna a 1996 cewa masarar Corngrass, saboda daɗewarta a ƙuruciya, tana jinkirin samun juriya ga cutar tsatsa da tsutsar kara ta Turai. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, makonnin farko su ne lokacin da ya fi kamata a riƙa buɗe zuciyar shuka ana dubawa.

Yanzu ga sauyi na biyu, wanda shi ne ainihin gardamarku da Baba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ranar da ka ga furen kai ya leƙo, tsohon labari kake gani, an yanke hukuncin tun makonni da suka wuce. Duk ganye da gaɓar masara daga wuri ɗaya suke fitowa, wani ɗan tudu da bai kai kan allura ba, wanda na kira idon girma. Tun a cikin ƙwayar da ka shuka ya riga ya tsara ganye kusan biyar, bayan tsirowa kuma ya ci gaba da tsara sababbi a ɓoye da sauri fiye da yadda suke buɗewa a waje. Wata rana sai ya daina ƙera ganye, ya miƙe ya yi tsawo, ya fara ƙera furen kai, kuma daga ranar nan ba za a sake ƙara ko ganye ɗaya ba. A irin da ke nuna da wuri wannan yana faruwa kimanin mako uku bayan tsirowa, lokacin da ganye biyar zuwa shida suka buɗe sosai, shukar ba ta kai gwiwa ba, idon girman ma yana daidai fuskar ƙasa. Na sha nuna wa ɗalibai wannan da reza da gilashin ƙara girma. Ka tumɓuke shuka ɗaya mai ganye bakwai ko takwas, ka tsaga karan a tsaye tun daga gindi, ka yi ta ɓare ganyen ciki masu laushi da launin fari-fari, kowanne ya fi na bayansa ƙanƙanta, har ka isa tsakiya. Can za ka tarar da wani ɗan abu fari mai ƴan rassa, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kuma duk wanda ya san furen kan masara zai gane shi nan take. Ka yi wannan ga iri biyun naku a rana ɗaya, za ka ga na ɗaya ya riga ya juya, na ɗayan kuma har yanzu santsi ne, yana ta ƙera ganye.

Saƙon da ke juya idon girma daga ganye yake zuwa. Tun a shekarun 1930 wani masani na Tarayyar Sobiyet, Mikhail Chailakhyan, ya ce dole akwai wani abu da ganye ke aikawa, ya raɗa masa suna florigen, amma an shafe kusan shekara 70 kafin a kama shi. A masara sunansa ZCN8, kuma a 2011 aka tabbatar da aikinsa. Furotin ne ƙarami da ake ƙerawa a jijiyoyin ganye, ya bi hanyar da sukari ke bi har ya isa idon girma, can ya haɗu da wani furotin mai suna DLF1, su biyun su kunna ƙwayoyin gadon fure irin su ZMM4. Kafin ZCN8 ya tashi yadda ya kamata, sai da izinin wata ƙwayar gado, indeterminate1, wadda Joseph Colasanti da abokansa suka gano a 1998, kuma wadda ke aiki a ganyen da bai gama buɗewa ba. Masarar da ta rasa ta tana ƙera ganye da yawa fiye da ƙa'ida, kuma idan daga baya ta yi furen kai, sai a ga ƙananan tsirrai suna fitowa a jikinsa, kamar idon girman ya kasa tsai da shawara. Ka lura cewa agogon nan biyu suna da alaƙa amma ba ɗaya ba ne, domin masarar da glossy15 ta lalace mata tana sauya fatar ganye da wuri ba tare da lokacin furenta ya motsa sosai ba. Kada ka ɗauka yawan ganyen toka zai gaya maka ranar fure.

To me ya raba iri biyun da ke garkarku? Mafi yawa birki ne ya bambanta. Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne danne ZCN8 har sai lokaci ya yi, kuma tarihin yaɗuwar masara a duniya tarihin sassauta waɗannan birkuna ne. Masara ta samo asali daga wata ciyawa, teosinte, a kwarin kogin Balsas na kudu maso yammacin Meziko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kuma wannan ciyawa ba ta fure sai yini ya gajarta. Da mutane suka ɗauki masara zuwa arewa, inda yinin bazara ke kai awa 15 ko 16, wadda ke jiran gajeren yini sai sanyi ya kashe ta kafin ta ƙosa, waɗanda suka rayu su ne masu raunin birki. Babban birkin tsawon yini shi ne ZmCCT10, kuma a 2013 aka nuna cewa a yawancin masarar ƙasashen sanyi wani guntun DNA mai tsalle ya faɗa gabansa ya rage masa ƙarfi. Wani birkin, ZmRap2.7, wani yankin DNA mai suna Vgt1 ne ke juya shi daga nesa, tazarar haruffa kusan 70,000, kamar yadda Silvio Salvi da abokansa suka nuna a 2007, kuma shi ma wani ɗan tsalle da ya faɗa cikinsa yana tafiya tare da saurin fure. ZmRap2.7 dangin glossy15 ne, kuma yana cikin waɗanda miR172 ke iya toshewa, a nan ne igiyar agogon biyu ta haɗu.

Amma kada sunayen nan su sa ka zaci ƙwayar gado biyu ko uku ce ta raba gajerar da doguwar. A 2009 Edward Buckler da babban rukunin masana suka fitar da sakamakon gwajin layukan masara 5,000, da suka samo daga haɗa iri 25 da wani iri guda mai suna B73, suka auna shuka kusan miliyan ɗaya a wurare takwas. Ba su sami wata ƙwayar gado guda mai babban tasiri ba, sai wurare masu yawa a jikin DNA, kowanne yana ƙara ko rage ɗan lokaci kaɗan, galibi abin da bai wuce yini ɗaya ba. Tazarar mako ukun da ka gani taro ne na ƙananan bambance-bambance da aka haɗa. A ganina wannan shi ne sakamako mafi amfani ga manominmu a duk binciken nan, kuma zan dawo kansa.

Mu a Damagaram mun san aikin tsawon yini tun kafin a rubuta shi, amma a dawa da maiwa muka san shi. Dawar gargajiya ko an shuka ta da ruwan farko ko an makara, tana fitar da kai kusan lokaci ɗaya a ƙarshen damina, saboda gajartar yini take jira, maiwa ma haka, shi ya sa gero ke riga ta shiga rumbu. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki a dawa, Ma6, ƴar'uwar ZmCCT10 ce ta kusa. A masara kuwa, a inda muke, wannan birki ba ya kamawa da ƙarfi, domin Zinder tana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi tsawo a watan Yuni bai cika awa 13 ba, mafi gajarta a Disamba kuma ya ɗan haura awa 11. Abin da ya fi juya kwanakin masara a nan shi ne zafi. Masara ba kwanaki take ƙirgawa ba, ɗumin da ta tara take ƙirgawa. Lissafin da aka saba shi ne a haɗa zafin rana mafi girma da na dare mafi ƙanƙanta, a raba biyu, a cire 10, kuma duk abin da ya haura digiri 30 a ɗauke shi 30. A ce a watan Agusta rana ta kai 32 dare ya sauka 23, shukar ta tara 16.5 a wannan yini. A ce a Janairu da hunturu rana 28 dare 14, ta tara 11 kawai. Irin da ya yi fure cikin kwana 50 da damina zai iya neman kwana 70 ko fiye a noman rani, ba don ya lalace ba. Na ga masu garka sun zargi mai sayar da iri a kan wannan, alhali sanyin dare ne.

Game da maganar Baba, ka gaya masa cikin ladabi cewa akwai gaskiya a cikinta, sai dai ta fuskar da ba ita yake nufi ba. Taki da ruwa suna taɓa lokaci, amma rashinsu ne ya fi jinkirta masara, musamman fitowar gemu, kuma da ƴan kwanaki ne. Yawan taki yana faɗaɗa ganye ya ƙara masa duhu, ya ƙara kaurin kara, amma ba ya sa irin da gadonsa ganye goma sha biyar ne ya ƙera ashirin. Hujjar tana garkarku: fangali biyun taki ɗaya suka sha. Ku ƙirga gaɓoɓin kara goma daga kowane fangali, ku tuna cewa ganyen farko huɗu ko biyar sun bushe sun faɗi kuma gaɓoɓinsu na cikin ƙasa, za ku ga kowane iri ya tsaya kusa da adadinsa.

Akwai sauyi na uku da ba ka tambaya ba, amma shi ne ke cinye amfanin gona a ƙasarmu. Furen kai da goyo duka suna farawa da gaɓoɓin namiji da na mace tare, daga baya a kashe na mace a furen kai, a kashe na namiji a goyo. Ƙwayoyin gadon tasselseed ne ke aikin farko, shi ya sa idan sun sami tangarɗa ake ganin ƙwayar masara a furen kai, abin da kan faru kuma a ƴaƴan gindi ko da gadon lafiya lau yake. Jibarelin kuma ke aikin na biyu. Tun da gida biyu ne a kara ɗaya, dole lokacinsu ya haɗu. Furen kai yana zubar da garinsa na kimanin mako ɗaya, gemu kuma kowane zare ɗaya ƙwaya ɗaya yake wakilta, kuma tsawonsa da ruwa yake yinsa. Idan ƙishirwa ta kama shuka a wannan lokaci, furen kai yana fitowa kusan a kan lokacinsa, gemu kuwa ya makara, sai ya fito ya tarar gari ya ƙare, a sami totuwa mai giɓi ko wadda ba komai. Zafin da ya haura digiri 35 tare da busasshiyar iska shi ma yana kashe garin. Masana na CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko, sun yi shekaru suna zaɓen masarar da tazarar furen kai da gemunta ke zama gajeriya a cikin fari, kuma wannan hali ya shiga cikin irin masu jure fari da ake rabawa a Afirka.

Abin da zan ba ku shawara a kai ya biyo daga nan. Tun da ba za ku iya lallashin iri ya sauya adadin ganyensa ba, zaɓen iri shi ne babban hukunci, kuma da tsawon ruwan da kuke da shi za ku auna shi. Daminarmu gajeriya ce, ruwan kirki daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba, saboda haka a gonar da ba ban ruwa irin kwana 80 zuwa 95 ne ke da dama, kamar masu saurin nuna da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar tare da cibiyoyin ƙasashe, ko irin P3 Kollo na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Doguwar taku wurinta garka ce mai tabbataccen ruwa, kuma a can tana iya fin gajerar amfani, domin yawan ganye yawan abinci ne. A noman rani ku lissafa baya daga zafin bazara, ku shuka da wuri yadda fure zai wuce kafin zafin Maris da Afrilu ya tsananta. Takin yuriya na biyu ya shiga lokacin da ganye shida zuwa takwas suka buɗe, domin a lokacin ne ake tsara goyo da adadin layukan ƙwayarsa a ɓoye, ciyawa kuma kada ta kai wannan lokaci a gonar. Idan ruwa ya yi kaɗan har dole a yi tsimi, a yi tsimin a wani lokaci, banda mako biyu kafin fitowar gemu da mako biyu bayansa.

Batun ajiye iri kuma, a nan sakamakon Buckler ke aiki. Tun da ƙananan ƙwayoyin gado masu yawa ne ke riƙe da lokacin fure, irin gargajiya ko wanda ba haɗaɗɗe ba yana ɗauke da bambanci a cikinsa, kuma zaɓe yana matsar da shi sannu a hankali. Ka shiga fangalin lokacin fure da zaren tsumma, ka ɗaura wa shukokin da gemunsu ya fito da wuri kuma kusan tare da furen kansu, masu lafiyar kara, daga tsakiyar gona ba gefe ba, kuma ka ɗauki iri daga goyo masu yawa, hamsin ko fiye, domin masara ba ta son auren dangi, ƙarfinta raguwa yake. Idan ka bari sai ranar girbi ka zaɓi manyan goyo kawai, sau da yawa masu jinkiri kake zaɓa ba ka sani ba, irin ya yi ta tsawo shekara bayan shekara. Irin haɗaɗɗe na kamfani kuwa ba a ajiye shi, domin ƴaƴansa rarrabuwa suke, wani ya yi fure yau wani bayan kwana goma. Tazarar mako ukun da ke tsakanin fangali biyunku ta yi muku amfani bana ba da niyya ba, domin lokacin da doguwar ta fara zubar da gari gemun gajerar ya riga ya bushe, saboda haka da wuya su gauraya. Idan baɗi kuka shuka iri biyu masu kwanaki kusa da juna kuma kuna son ajiye iri, sai ku raba su da tazarar mita 200 ko fiye, ko ku bar mako uku tsakanin shukar ɗaya da ɗayar.